Wata biyar ina neman injin washi na kayan tanin katako

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin tanin katako a Kano, wato sassaƙa katako yana juyawa a kan inji, ina fitar da ƙafafun gado da na kujera da sandunan matakalar bene, kuma a tsawon lokacin nan ban taɓa zama na yi tunanin injin washi ba, domin kayan aikina duka ƙirar gida ne. Maƙeri ne ya buge mini su daga sifirin mota, kuma dutsen hannu da ɗigon mai sun ishe su. Abin ya canja ne a ƙarshen shekarar 2023, lokacin da yayan matata ya dawo daga Ingila ya kawo mini tsarabar cizal shida ƙirar birnin Shefild, kowanne an rubuta HSS a jikinsa, wato wani irin ƙarfe mai tauri da jure zafi. Akwai babba mai faɗin kwarmi na fara sassabe katako, da biyu masu kwarmi kamar indararo, ɗaya na aikin ƙafafu ɗaya na raraƙe akushi, sai mai baki a karkace, da na yanke aiki, da makankari. Na rubuta wannan labari ne saboda wanda zai tsinci kansa a irin halin da na shiga, domin daga ranar da na karɓi kayan nan zuwa ranar da na iya wasa su yadda ya kamata wata biyar ne, kuma a tsakani na yi asarar kuɗi da rabin bakin cizal guda.

Makon farko kayan sun yi aikin da ban taɓa gani ba. Maɗaci yana fita kamar ana feraye doya, ɓawon yana tashi dogo yana naɗewa a wuyan hannuna. Da bakinsu ya dakushe sai na ɗauko dutsena na kullum, na yi kusan rabin awa a kan cizal ɗaya, ƙarfen bai nuna alamar an taɓa shi ba. Haushi ya sa na ɗaure cizal ɗin akushi a jikin benci na bi bakinsa da giranda ta hannu, wadda ake yankan rodi da ita. Cikin daƙiƙa kaɗan fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na koma in daidaita, ɗayan ya zarce, haka na yi ta bi har na cinye kusan rabin inci na ƙarfen da ba ni da inda zan sami irinsa a kusa. A daren nan ban yi barcin kirki ba, don kunyar mutumin da ya ɗauko mini kayan daga wata ƙasa ta fi asarar damuna.

Washegari na tafi wurin ubangidana da ya koya mini sana'a, wanda yanzu ya manyanta ya bar wa 'ya'yansa shago. Ya juya cizal ɗin a hannunsa, ya ce, "Yaro, wannan ba ƙarfen dutsen hannu ba ne, kuma ba na girandar hannu ba ne. Inji za ka nema wanda yake zaune wuri ɗaya, kai ne za ka kai masa ƙarfe." Na ce, "Baba, wane iri zan saya?" Ya ce shi a zamaninsa iri ɗaya suka sani, mai dutse biyu da ake ɗaurewa a kan benci, amma in lura da abu guda: kafinta mai fere ƙofa zai iya wasa ƙarfensa da safe ya wuni da shi, mai tanin kuwa washi wani ɓangare ne na aikinsa, yana yi yana komawa. Daga baya na zauna na yi lissafin maganarsa da alƙalami. Akushi mai faɗin santimita 25, idan yana juyi 800 a minti ɗaya, katakon da ke wucewa ta bakin cizal ya haura mita 600 a kowane minti, wato a minti goma bakin ya yanki fiye da kilomita 6. Idan kuma katakon kirya ne ko kanya, ko iroko mai ɓoyayyen farin dutse a cikinsa, ko minti goman ba za a kai ba. Saboda haka abin da nake bukata shi ne injin da zan je gare shi in dawo cikin minti ɗaya, kuma ya mayar mini da bakin daidai yadda yake a da. Da na riƙe wannan ma'auni tun a ranar, da ban yi kuskuren da ya biyo baya ba.

Ranar Asabar na shiga kasuwa da kuɗin ƙafafun gado biyu da aka biya ni. Na zaga shaguna bakwai ko takwas na masu kayan aiki, kuma duk inda na ce ina son injin washi sai a nuna mini abu ɗaya da fenti daban-daban: ƙaramin inji mai dutse inci 6, duwatsun masu launin toka, an rubuta juyi 2,950 a kwali. Wani mai shago ya ce, "Maigida, wannan shi kowa yake saya, masu walda da makanikai duk shi ne." Ban tambaye shi ko akwai mai tanin katako a cikin masu sayen ba. Ya jona shi a wuta na daƙiƙa biyar, ya yi ƙara, na ga yana juyawa, na biya. Ya rubuta mini rasit, a ƙasansa akwai layin da ke cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, wanda ban karanta ba sai da bukatar hakan ta taso.

Da na ɗaure shi a benci na kunna, gwangwanin ƙusa da ke gefe ya fara tafiya da kansa saboda girgiza. Majinginar da ake ɗora ƙarfe a kai ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, kuma da na danna ta kaɗan sai ta lanƙwashe. Na fara gwadawa da tsohon cizal ɗina na sifirin, kafin in ankara bakin ya yi ruwan ƙasa, ya koma shuɗi. Wanda ya san ƙarfe ya san ma'anar wannan launi: ƙarfe irin na sifirin da magagari yana fara sakin taurinsa idan zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, shuɗi kuwa yana nuna ya kai wajen 300, kuma wurin da ya yi shuɗin ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi gaba ɗaya. Ƙarfen HSS ya fi haƙuri, yana riƙe taurinsa har sama da digiri 500, shi ya sa sababbin kayan ba su ƙone ba, amma dutsen yana tsalle a ƙarƙashinsu, bakin yana fitowa da fuska biyar ko shida maimakon gangara ɗaya mai santsi. Na yi mako biyu ina fama, na koma shagon, mai shagon ya nuna mini layin nan na ƙasan rasit cikin ladabi. A ƙarshe wani mai walda a layinmu ya saye injin a kan kashi biyu cikin uku na kuɗin da na biya, kuma a wurinsa yana aiki lafiya, domin irin aikinsa aka yi shi.

Bayan wannan na daina gaggawa. Wani abokina ya ce ya ga tsohon inji ɗan Amurka mai dutse inci 8 a wurin masu sayar da kayan gwanjo, mai nauyi, gangar jikinsa duk ƙarfen zubi. Wannan karon na ɗauki mai ɗaurin koyil ɗin da ke gyara mini mota ta injin tanin muka tafi tare, na biya masa kuɗin mota da na ɓata masa lokaci, kuma ban taɓa kashe kuɗin da ya yi mini amfani kamar wannan ba. Bai ko taɓa dutsen ba, sai ya goge ƙaramin farantin ƙarfen da ke jikin motar da yatsa ya karanta. Ya ce, "Malam, wannan wutar 115 yake sha, tamu kuwa 230 ce, sai ka haɗa shi da taransifomar rage wuta. Ga kuma 60Hz a rubuce, tamu 50Hz ce." Ya bayyana mini cewa gudun irin waɗannan motoci ba daga ƙarfinsu yake zuwa ba, daga yadda aka ɗaure koyil ne da kuma bugun wutar ƙasar. Mota mai kai biyu tana juyi kusan 3,450 a wutar Amurka, a tamu kuma tsakanin 2,850 da 2,950. Mai kai huɗu tana yin rabin haka, wajen 1,725 a can, wajen 1,425 a nan. Ya ƙara da cewa motar da aka ɗaure don 60Hz takan fi ɗaukar zafi a wutarmu, ga shi wutar kan zo da rauni a unguwarmu, kuma rabin aikina a kan janareta nake yi. Muka bar injin nan ina waiwayensa, amma na fito da abin da ban shiga da shi ba, wato na san cewa akwai inji mai rabin gudu, kuma na san inda ake duba gaskiyar inji.

A gida na sake ɗaukar alƙalami. Dutse mai inci 8, wato milimita 200, idan yana juyi 2,850, gefensa yana gudun kusan mita 30 a daƙiƙa. Mai inci 6 a wannan juyin yana yin kusan 22. Mai inci 8 a juyi 1,425 kuwa kusan 15 kawai yake yi. Ashe gudun da ƙarfe ke ji shi ne na gefen dutse, kuma rabin gudu yana ba hannun mai koyo lokacin da zai ga abin da yake yi kafin ɓarna ta auku. Akwai wani dalili kuma da ya sa babban dutse ya fi: kowane dutse mai zagaye yana barin ɗan kwarmi a gangaren baki, kuma gwargwadon ƙanƙantar dutsen gwargwadon zurfin kwarmin, ga shi dutse yana raguwa kullum da aka gyara fuskarsa.

Ana cikin haka sai na ji labarin wata masana'antar kayan ɗaki a Kaduna da ke da injin washi mai ruwa, irin wanda nake gani a bidiyo a intanet. Wani tsohon abokin koyon sana'a da ke aiki a can ya ce sai na rubuto takardar neman izini zuwa ga manaja. Na rubuta, na haɗa da hoton katin shaidata na ɗan ƙasa, na aika masa ta waya, aka yi kwana goma sha biyu kafin amsa ta zo. Na kama hanya da asuba da cizal uku a naɗe cikin tsumma, na isa kafin ƙarfe goma, na zauna a benci a bakin ƙofa har bayan azahar saboda shugaban sashen ya fita. Da ya dawo ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce, "Malam, ga shi nan, ka yi abin da ya kawo ka." Injin na kamfanin Tormek ne na ƙasar Suwidin, samfurin T-8, dutsensa milimita 250, yana juyi 90 kacal a minti, ƙasansa yana wanka a cikin kwamin ruwa. Babu tartsatsi, babu ƙura, babu ƙara sai ɗan sautin ruwa, kuma motarsa wat 200 ce, wadda ko ƙaramar sola za ta ɗauka. Ƙarfe ba zai taɓa ƙonewa a kansa ba. Na ɗaura cizal ɗin ƙafafu a mariƙinsa, wanda bakinsa bai lalace ba, cikin minti biyu ya fito da kaifin da ya aske gashin hannuna.

Sai na ɗauko cizal ɗin akushin da na ɓata da giranda, wanda ke bukatar a sake masa siffa gaba ɗaya. Na yi minti arba'in a tsaye ina dannawa, kafaɗata ta gaji, ban kai rabi ba. Shugaban sashen ya ce haka abin yake, inji ne da aka yi shi don ya ɗebi ƙarfe kaɗan kaɗan, su ma idan za su canja siffar baki sai su fara da busasshen inji sannan su gama a wannan. Ya nuna mini yadda cizal mai kwarmi ke yi wa fuskar dutsen rami idan ana tsayawa wuri ɗaya, da abin da suke daidaita ta da shi, ya kuma ce ba sa barin dutsen ya kwana a cikin ruwa. Na tambayi kuɗinsa. A lokacin, cikin watan Fabrairun 2024, dala ta riga ta haura naira 1,500, kuma da muka lissafa injin da mariƙan kayan tanin da kuɗin kawowa, jimillar ta fi abin da na sayi injin tanin ɗina da janaretana a haɗe. Na dawo Kano da dare ina son injin nan a raina, amma na san ba shi ne na farko da ya kamata mai ƙaramin shago ya saya ba.

Iri na uku ban riƙe shi da hannuna ba, yayan matata ne ya nuna mini ta kiran bidiyo daga shagon wani maƙwabcinsa a Ingila. Shi ne ProEdge na kamfanin Robert Sorby da ke Shefild, wanda maimakon dutse yake amfani da bel na samfefa mai faɗin inci 2. Majinginarsa tana da ramukan da aka riga aka auna kusurwa, kuma yana ba da gangara a miƙe ba tare da kwarmi ba, sannan ana canja bel daga mai kaushi zuwa mai laushi cikin ɗan lokaci. Abin da ya tsayar da ni shi ne bel ɗin abu ne mai ƙarewa, kuma nasa tsawon na musamman ne, duk lokacin da ya ƙare sai na jira mai zuwa daga Ingila. Na ce masa, "Yaya, ba zan mayar da kai ɗan aiken samfefa ba," muka bar maganar a nan.

Daga nan shawarata ta tsaya a kan busasshen inji mai dutse inci 8, mai rabin gudu, mai shan wutar 230 da 50Hz. Samunsa ya ɗauki mako uku, domin a Kano duk wanda na tambaya mai gudu ne da shi. Wani dillalin kayan aiki ya haɗa ni da wani ɗan kasuwa a Legas. Kafin in tura ko kwabo na nemi abu uku: hoton farantin motar a kusa yadda zan karanta da idona, bidiyon injin yana juyawa an ɗora kofin ruwa a kansa, da awon kaurin sandar da dutse ke hawa. Farantin ya nuna juyi 1,450 da wat 550, ruwan kofin yana ɗan rawa kawai, sandar kuma inci biyar bisa takwas, wato milimita 15.88. Na tura rabin kuɗin ta banki, ya kai kayan tasha ya turo mini hoton takardar aike mai lambar motar da lambar direba, sannan na cika sauran. An ce kwana uku, ya zama shida saboda motar ta lalace a hanya, kuma a kwana ukun nan na ƙarshe nakan duba wayata fiye da yadda nake duba aikina. Kuɗin injin ya kusa ninka na farko sau uku, ban da kuɗin aike da na ɗan dako da na mai adaidaita sahu da ya kawo shi shago.

Na ɗauka an gama, ashe rabin aikin ne. Duwatsun da ya zo da su masu launin toka ne, irin masu taurin nan da ba sa sakin ƙwayarsu, fuskarsu takan toshe ta yi sheƙi, sai su riƙa goga ƙarfe suna zafafa shi maimakon su yanka. Farin dutse shi ne ya dace, domin ƙwayarsa tana karyewa tana fito da sabuwa mai kaifi, shi ya sa ya fi sanyi, ko da yake ya fi saurin cinyewa. Na sayi biyu, mai lamba 60 na fitar da siffa da mai lamba 120 na kaifi. Kafin in biya na rataye kowanne a yatsa ta raminsa na ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba, kamar yadda shugaban sashen nan na Kaduna ya koya mini: lafiyayye yana amsawa da ƙara kamar tangaran, mai tsagewa kuwa muryarsa a toshe take, kuma irinsa ne ke fashewa a fuskar mutum. Na kuma duba iyakar juyin da aka rubuta a takardar jikinsa. Ramin duwatsun milimita 32 ne, sandar injina kuma ba ta kai 16 ba, sai aka haɗo ni da zobban roba da ake cusa wani cikin wani. Da su dutsen ya riƙa lilo gefe da gefe. Na ɗauki dutsen da awon sandar na kai wa mai tanin ƙarfe, ya fitar mini da bushi guda biyu na ƙarfe, wato zobban cike ramin dutsen, kowanne yanki ɗaya, na jira kwana biyu. Da na ɗaura, ban matse goron da ƙarfi sosai ba, na kunna na koma gefe na bar shi ya yi minti ɗaya yana juyawa shi kaɗai, sannan na bi fuskarsa da abin gyaran dutse mai bakin daimon har ta daidaita. A ranar na ɗora gwangwanin ƙusan nan a gefe, bai motsa ba.

Saura abin da zai riƙe kusurwa, kuma a ganina wannan ya fi motar kanta muhimmanci. Akwai sanannen mariƙi da kamfanin Oneway na Kanada ke yi mai suna Wolverine: doguwar sanda ce da ke zamewa a ƙarƙashin dutse, a ƙarshenta akwai aljihun da gindin kayan aiki ke zama, da faffaɗar majingina mai juyawa, da wani ɗan mariƙi mai ƙafa da ake ɗaura wa cizal mai kwarmi don a riƙa karkata shi hagu da dama. Na zana irin wannan tsari a takarda na kai wa mai waldar da ya sayi injina na farko. Mun yi zama uku. A na farko sandar tana rawa a cikin gidanta, a na biyu aljihun bai yi daidai da tsakiyar dutse ba, fiffike ɗaya yana fin ɗaya, a na uku muka dace. Majinginar mun yi ta da farantin ƙarfe mai kauri, faɗinta ya kai tafin hannu, na ɗora injin a kan katako don ya ba sandar wuri. Na kuma haƙa rami mai zurfin inci 2 a wani guntun katako na manna a benci, wanda nake auna tsawon bakin da ke leƙowa daga mariƙi da shi, domin ya zama ɗaya kullum.

Cizal ɗin akushin da na ɓata shi na fara gyarawa. A kan dutse mai lamba 60 siffarsa ta dawo cikin minti goma sha biyar, ina yi ina ɗagawa ya huce a iska. Ban tsoma shi a ruwa ba, domin ƙarfen HSS idan ya yi zafi aka tsoma shi farat ɗaya bakinsa yana iya yin ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Tsofaffin kayana na sifirin su ne nake tsomawa akai-akai tun kafin su yi zafi. Na tsayar da kusurwar bakin cizal ɗin akushin a digiri 55, cizal ɗin ƙafafu a 35, babban na sassabe a 45, makankari a wajen 75, na rubuta kowanne a bango na kuma yi wa sandar alama. Hanyar da nake gane ko na dawo kan kusurwar ita ce in shafa baƙar maka a gangaren baki, in jingina shi da dutsen inji a kashe, in juya dutsen da hannu. Idan tawadar ta goge daga sama har ƙasa, na dace. Idan a baki kawai ta goge ko a dunduniya, sai in matsar da sandar kaɗan. Yanzu daga injin tanin zuwa injin washi in dawo ba ya kai minti ɗaya, kuma abin da ke fita daga ƙarfen ɗan ƙura ne kawai.

Wata biyu bayan haka, da na sami aikin matakalar bene mai ɗan kauri, na yi odar dutsen CBN mai lamba 180 ta hannun wakilin da ke ɗauko wa 'yan kasuwa kaya daga Guanzu ta ƙasar Sin. Shi wannan faifan ƙarfe ne da aka lulluɓe gefensa da ƙwayar da daimon kaɗai ya fi ta tauri, ba ya raguwa, ba ya fashewa, ba ya bukatar gyaran fuska, saboda haka alamun da na yi a sanda ba sa canjawa. Da kilo ake biyan kuɗin jirginsa, kuma wannan karon na aika awon ramin a rubuce da hoton ma'aunin a kan sandar. Ya iso bayan mako biyar. Faɗinsa inci ɗaya da rabi ne, ya fi murfin kariyar injin, sai da mai walda ya faɗaɗa murfin. Nauyinsa kuma yana sa motar ta ɗan yi jinkirin tashi a kan janareta, don haka nakan fara kunna injin washi kafin injin tanin.

Wanda zai bi wannan hanya, abin da zan ce ya fara dubawa shi ne ƙarfen kayan aikinsa, kafin ya dubi kowane inji. Idan duka na sifirin ne ko na magagari, zafi ne babban abokin gabarsa, rabin gudu da farin dutse ko inji mai ruwa su ne nasa, kuma kada ya kai ƙarfe mai taushi ko alminiyam kan dutsen CBN, domin yana toshe masa fuska. Idan HSS ne, busasshen inji ya ishe shi. Ya karanta farantin mota da idonsa ko ya tafi da wanda ya iya karantawa, kada ya dogara da kwali, ya kuma karanta rasit har ƙasa kafin ya miƙa kuɗi. Ya sani cewa kuɗin inji ba shi ne ƙarshen lissafi ba: a wurina duwatsu da bushi da mariƙi da abin gyaran dutse sun ci kusan abin da injin ya ci, tun kafin a zo maganar CBN. Wanda kuma ya riga ya mallaki inji mai gudu wanda ba ya girgiza, ba lallai ne ya sayar ba, farin dutse da majingina mai ƙarfi da sassaucin hannu za su kai shi nesa. Nawa na farko girgiza da raunin majingina ne suka kashe shi fiye da gudu.

Akwai abu biyu na tsaro da na koya a makare. Na farko, kada a sa gindin cizal mai tsayayyar kusurwa, kamar na akushi ko makankari, kai tsaye a aljihun doguwar sanda, domin bakinsa yana sauka kusa da tsakiyar dutse, kuma dutsen zai iya fizge shi ƙasa ya matse shi. Waɗannan a kan majingina ko a cikin ɗan mariƙi ake wasa su. Na biyu, tartsatsi da garin katako ba sa zama wuri ɗaya, balle a lokacin hunturu da komai ya bushe. Wata rana da yamma yaron shagona ya ji ƙauri, muka tarar da garin maɗaci yana cin wuta a hankali a bayan benci, inda tartsatsin farin dutse ke sauka. Washegari na mayar da injin jikin bangon da ke kusa da ƙofa, taku uku daga injin tanin, na sa farantin kwano a bayansa, na rataye tabarau a ƙusa a saman makunnin yadda hannu ba zai kai ga makunnin ba sai ya taɓa shi. Farin dutse mai lamba 60 yana hagu don tsofaffin kayana da sake siffa, CBN yana dama don cizal shidan nan, kuma yaron ne ke share ƙarƙashin bencin kowace yamma kafin mu rufe.